Daga Takarda Zuwa Ƙarfe: Yadda Ɗalibin Injiniya Zai Tsara Shaf Ya Kuma Ƙera Shi

A shekarun farko na karatun injiniyan kanikanci, ko a jami'a ko a kwalejin kimiyya da fasaha, ana koyar da zanen injiniya a aji ɗaya, lissafin ƙarfin kaya a wani, sannan a tura ɗalibi wokshop ya tsaya gaban inji. Da yawa suna cin jarrabawar duka ukun ba tare da sun haɗa su a kansu ba. Wannan jagora zai bi aiki guda daga farko har ƙarshe domin a ga inda darussan suke haɗuwa: shaf (sandar ƙarfe mai juyawa) na ƙaramin injin niƙa, mai hawa kan boris biyu, da fuli (ƙafar da bel yake ja) a gefe ɗaya da noti a ɗaya gefen. An zaɓe shi ne saboda a cikinsa akwai lissafi, akwai zane, akwai sassaƙa, akwai awo, kuma kowane kuskure yana fitowa fili ranar haɗawa.

Fara da abin da za ka saya

Ɗalibi yakan buɗe kwamfuta ya zana shaf mai kaurin da ya yi masa kyau a ido, misali milimita 22, daga baya ya je kasuwa neman boris ɗin da zai shiga. Wannan tafiya ce ta baya-baya. Boris, bel, noti da ki (ɗan guntun ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf) duk suna da girman da duniya ta tsayar, kai ne za ka bi su. A nan za mu ɗauki boris mai lamba 6204, wanda ramin cikinsa milimita 20 ne, kewayen waje 47, faɗi 14, kuma kusan duk mai sayar da boris yana da shi. Lambobi biyu na ƙarshe su ke gaya maka ramin: daga 04 zuwa sama, ka ninka da 5. Don haka 6205 raminsa 25, 6206 kuma 30. Idan ka ga 2RS a bayan lambar, an rufe shi da roba gefe biyu da giris a ciki, kuma shi ya dace da wurin da gari yake tashi.

Rubuta bukatun aikin a takarda ɗaya kafin komai. Motar lantarki mai kilowat 0.75, wato kusan doki ɗaya, tana juyi 1400 a minti. Fulin mota milimita 75, fulin shaf 300. Rabon ya zama 1 zuwa 4, shaf zai yi juyi 350 a minti.

Lissafin da ya wajaba

Ƙarfin murɗa, a ma'aunin niyuton-mita, shi ne 9550 sau kilowat, a raba da juyi a minti. 9550 sau 0.75 raba 350 ya ba da kusan 20.5. Lura cewa a bakin mota 5.1 ne kawai. Rage gudu da fuli ya ninka shi sau huɗu. Masu amfani da gudun mota a lissafin shaf suna samun amsar da ta gaza gaskiya sau huɗu, kuma wannan na cikin kurakuran da malamai suka fi gani a rahoto.

Matsin murɗa a cikin shaf shi ne 16T raba πd³, inda T ne ƙarfin murɗa, d kuma kaurin shaf. Ka mayar da T zuwa niyuton-milimita, 20,500, d kuma 20: amsa kusan megafaskal (ma'aunin matsi) 13. Sai lanƙwasa. Bel yana jan fuli gefe; bambancin ja tsakanin ɓangarorinsa biyu shi ne 20.5 raba 0.15 (rabin faɗin fuli a mita), kusan niyuton 137, amma da yake ana ɗaure bel da ƙarfi tun kafin a kunna, jimillar abin da shaf yake ji ta fi haka sau biyu ko uku. Ɗauki 400 don kwanciyar hankali. Daga tsakiyar fuli zuwa tsakiyar boris kusan milimita 50 ne, lanƙwasa ta zama niyuton-milimita 20,000, matsinta kuma, 32M raba πd³ (M ita ce lanƙwasar), kusan megafaskal 25.

Ƙarfe mai laushi na yau da kullum yana fara miƙewa ne a wajen megafaskal 250. Sai ɗalibi ya ce ai shaf ɗin ya yi kauri da yawa, a rage shi zuwa 12. Kada ka rage. Lissafin ya ɗauka cewa nauyi a tsaye yake, alhali shaf mai juyawa yana lanƙwasa gaba da baya sau ɗaya a kowane juyi, sau 21,000 ke nan a awa guda. Ƙarfe yana gajiya da irin wannan, kuma tsagewar gajiya takan fara ne a kusurwa mai kaifi ko a bakin ramin ki, a matsin da bai kai rabin na miƙewa ba. Ga kuma tsakuwar da za ta faɗa cikin hatsi ta tsayar da injin farat ɗaya. Ka rubuta waɗannan dalilai a rahotonka. Su ne ainihin tsarawa.

Ga fasalin shaf ɗin daga hagu zuwa dama, tsawonsa duka 220: mazaunin fuli mai kauri 18 da tsawo 40, sashe mai kauri 20 da tsawo 40, tsakiya mai kauri 26 da tsawo 90, wani sashe mai kauri 20 da tsawo 25, sai tiredin M12, wato haƙoran da noti zai hau, mai tsawo 25. Tsakiyar ita ce kafaɗar da boris biyun za su jingina. An sa ta 26 domin ta tokare zoben ciki na boris sosai ba tare da ta taɓa robar ko zoben waje ba. A kusurwar kafaɗa a bar lanƙwasa wadda ba ta wuce milimita 1 ba. Idan ta fi haka, boris zai hau kanta ya kasa zama daidai. Idan babu ita sam, ka shirya wa tsagewa wurin farawa.

Rangwamen awo: inda ake kashe kuɗi

Babu injin da zai ba ka 20.000 cif, don haka zane dole ya faɗi iyakar sama da ta ƙasa da aka yarda. Tsarin ISO 286 yana rubuta wannan da harafi da lamba. Da yake shaf ne yake juyawa, nauyin bel kuma yana tsaye a gefe ɗaya, zoben ciki na boris dole ya matse shaf, in ba haka ba zai riƙa zamewa a kansa yana cin ƙarfen har mazaunin ya rame. Abin da ake sawa shi ne k6, wanda a kauri 20 yake nufin daga 20.002 zuwa 20.015. Duka tazarar 0.013 ce, gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Ramin gidan boris kuwa H7 ne, daga 47.000 zuwa 47.025, wanda zai bar zoben waje ya shiga da ɗan turi.

Wannan tsanani a milimita 15 na kusa da kafaɗa kawai ake bukatarsa. Sauran sashen mai kauri 20 ka rage shi zuwa 19.8, boris ya zame a kansa cikin sauƙi har ya isa mazauninsa. Ka rage wa kanka aikin awo, ka kuma rage nisan da za a tura boris da ƙarfi. Duk sauran awon shaf ɗin a bar su ƙarƙashin rubutu ɗaya a akwatin bayanan zane, ISO 2768-m, wanda ya ba da ±0.2 ga awo tsakanin 6 da 30, da ±0.3 tsakanin 30 da 120. Wanda ya sa ±0.01 a kowane awo ya nuna bai san wahalar samun 0.01 ba, kuma teknishan zai gane haka da kallo ɗaya.

Idan wokshop ɗinku ba shi da injin da zai huda gidan boris daidai, akwai mafita halal: boris mai zuwa da gidansa, UCP204, shi ma raminsa 20, mai ƙananan sukurori biyu da suke cizon shaf. Shi ba ya son matsi, mazauninsa sai ya koma h7, daga 19.979 zuwa 20.000, kuma sai an ƙara tsawon mazaunin don ya fi 6204 faɗi.

Zane

Yi zanen hannu da fensir tukuna, sannan ka koma AutoCAD, SolidWorks ko FreeCAD wanda kyauta ne. Shaf ba ya bukatar fuskoki uku. Fuskar gefe ɗaya da yanka ɗaya a kan ramin ki sun isa. Saka alamar tsarin hange da ka bi, kusurwa ta farko wadda aka gada daga Ingila da Turai, ko ta uku wadda Amurka take bi, domin mai karanta zane da tsarin da ba naka ba zai sa abin hagu a dama.

Wajen sa tsawo, zaɓi fuska guda ka auna komai daga gare ta. A nan kafaɗar hagu ta fi dacewa, don ita take tsayar da shaf a cikin inji. Idan ka jera awo ɗaya bayan ɗaya, 40 sai 40 sai 90 sai 25, kuskuren kowanne yana hawa kan na gabansa. Huɗu masu ±0.3, ±0.3, ±0.3 da ±0.2 za su iya taruwa su wuce milimita ɗaya. Kada kuma ka rufe jerin, wato ka ba da tsawon kowane sashe sannan ka ba da jimilla. Bar ɗaya babu awo, wanda ba shi da muhimmanci, ya shanye ragowar. Santsin mazaunin boris, a ma'aunin kaushi na Ra, 1.6 ko ƙasa, sauran 3.2. Ramin ki, ga shaf mai kauri tsakanin 17 da 22, faɗinsa 6 ne, zurfinsa a shaf 3.5, a fuli 2.8, tsawon 30 ya wadatar.

Kafin ka yanka ƙarfe, kai wa teknishan zanen ka roƙe shi ya nuna maka awon da ba zai iya aunawa ba da kayan da ke wokshop. Duk abin da ya nuna, gyara shi a takarda.

Ƙarfen da za a yi aiki da shi

Sanda mai kauri 30, tsawo 230, nauyinta kusan kilo 1.3. Ƙarfe mai laushi ya isa aikin aji. In da hali, C45, wanda wasu suke kira EN8, ya fi dacewa da shaf na gaske. Idan daga ’yan gwangwan aka samo ƙarfen, gwada shi da magagari: in ya kama yana ci, wuƙar HSS (taurararren ƙarfen yanka) za ta yanka shi, in yana zamewa yana ƙara kamar a kan gilashi, an ƙona shi ya taurare, kamar yadda ake yi wa tsohon shaf na motar hawa, kuma zai kashe bakin wuƙa nan take. Rodin gini kada ma ka fara, taurinsa ba ɗaya ba ne daga wuri zuwa wuri kuma ba ya yin santsi.

A gaban injin sassaƙa

Rubuta jerin matakai tukuna, kowane mataki da wuƙarsa da gudunsa da abin aunawa. Gudun juyi shi ne 1000 sau V raba πD, inda V ne gudun yanka, D kuma kaurin sanda. Ga ƙarfe mai laushi da wuƙar HSS, V kusan mita 30 ne a minti. A kauri 30 ya ba da 318, a kauri 20 ya ba da 477. Zaɓi gudun da ke kan injin wanda ya fi kusa ta ƙasa.

Naɗe hannun riga, cire agogo da zobe. Babbar riga, gyale da bakin hijabi a tattare su cikin rigar aiki ko a ajiye, domin sandar da ke juyawa ba ta saki in ta kama. Ba a sa safar hannu a wannan inji, saboda wannan dalilin. Sa tabarau. Makullin cak, wato abin da ke riƙe sanda yana juya ta, kada ya kwana a cikin cak ko na daƙiƙa ɗaya. Hannunka yana sakinsa, ya fita. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar yanka, janye wuƙa baya, cire abin tafiyar da kansa, kashe makunni, don kada wuta ta dawo injin ya tashi da wuƙa a cikin ƙarfe.

Daidaita tsinin wuƙa da tsakiyar sanda ta hanyar gwada shi da tsinin madogarar baya, wadda ke tallafar ɗaya ƙarshen sanda. In ya yi sama, ƙasan wuƙar zai riƙa gogar ƙarfe maimakon yanka. In ya yi ƙasa, zai bar ɗan tsiro a tsakiyar fuska kuma yana iya nutsewa. Ɗaure sanda a cak, ka bar kamar 30 a waje, share fuska, huda ramin tsakiya mai kusurwa 60 da gudu mai yawa da turi a hankali, don bakin wannan diril ɗin siriri ne, karyewa yake yi. Juya sanda, share ɗaya fuskar har tsawo ya zama 220, huda ramin tsakiya na biyu.

A nan ne ake yanke shawarar da za ta raba shaf mai kyau da mai rawa. Cak mai haƙora uku, musamman tsoho, ba ya kama abu a tsakiya ɗaya sau biyu. Idan ka sassaƙa mazaunin boris na farko, ka kwance ka juya ka sassaƙa na biyu, kowanne zai iya cika awonsa amma tsakiyarsu ta saɓa, shaf ya riƙa girgiza yana cin boris. Maganin shi ne a ɗora sandar tsakanin tsini biyu, a tuƙa ta da maƙalli mai wutsiya. Haka ko sau goma ka juya ta, tsakiyarta ɗaya ce. Shafa giris a tsinin baya idan ba mai juyawa ba ne, ka kuma riƙa sassauta shi kaɗan idan ƙarfe ya yi zafi ya ƙara tsawo.

Yi yankan gwaji mai sauƙi a tsawon sandar, ka auna farko da ƙarshe. In kauri ya bambanta, madogarar baya ta kauce; in ɓangarenta ne ya fi siriri, ta matso wajenka, sai a tura ta baya da rabin bambancin. Sannan ka gano ko ma'aunin hannun turin injin yana ƙirga kauri ne ko rabinsa: tura 0.5, yanka, auna. In kauri ya ragu da 1.0, to duk abin da kake son cirewa sai ka raba biyu. Rashin wannan gwajin na minti biyu ya jefa sanduna da yawa cikin kwandon shara.

Yankan farko mai zurfin 1 zuwa 2, tafiya 0.2 zuwa 0.3 a kowane juyi. Sauke komai zuwa 26.5, sannan sassan 20 zuwa 20.5, mazaunin fuli 18.5, wurin tiredi 12.5. Kullum ka kusanci lamba ta gefe ɗaya. In ka zarce, koma baya juyi guda cikakke ka sake tahowa, saboda lakon da ke cikin sukurin turi. Ɓarɓashin ƙarfe ya zama shuɗi, gudu ya yi yawa ga HSS. Ka ji kuka mai kaifi ka ga layi-layi a jikin ƙarfe, wuƙa ta fito da yawa daga mariƙinta ko tsinin baya ya saki.

Yanzu dakata, bar sandar ta huce. Ƙarfe yana buɗewa kusan milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Shaf mai kauri 20 da ya fi ma'auninka zafi da digiri 30 ya ƙara 0.007, fiye da rabin tazarar k6. Ka auna shi da zafi ka ga 20.005, ya huce ya koma 19.998, boris ya shige sakwa-sakwa. Zafin gari shi kansa ba matsala ba ce sosai, tunda maikiromita ma ƙarfe ce; abin da ake so shi ne ita da shaf su zama zafi ɗaya.

Baniya, ma'aunin kauri mai zamewa, mai karanta 0.02 ba za ta iya hukunta tazarar 0.013 ba. Maikiromita ta 0 zuwa 25 ake bukata, a goge bakinta, a rufe a tabbatar tana kan sifili, a riƙa murɗawa da ɗan maɓallin ƙarshe mai ƙara don matsi ya zama iri ɗaya. Yankan gamawa da wuƙa mai kaifi, tafiya 0.05 zuwa 0.1. Raba ragowar 0.5 zuwa yanka biyu masu kusan zurfi ɗaya: yi na farko, auna, gyara lissafi, yi na biyu. Yanka mai zurfin 0.01 yaudara ne, wuƙa takan goge kawai ba ta cire komai, sai ka ƙara turi ta cafki 0.04 a lokaci guda. A tsohon inji ya fi aminci ka tsaya a 20.03, ka sauke ragowar da tsirin sanfefa mai laushi da ɗan mai, kana riƙe da bakinsa biyu, ba a naɗe a yatsa ba, kana aunawa a wurare uku da kusurwa biyu. A masana'anta injin wasa ƙarfe ne yake wannan aikin. Ƙarshe, share kowane baki da 1×45°.

Tiredi da ramin ki

Sauke wurin tiredi zuwa 11.85, don abin yanka tiredi yana ɗan tura ƙarfe sama. M12 na gama-gari tazarar haƙoransa 1.75 ce. Tokare mariƙin abin yankan da fuskar madogarar baya domin ya shiga a miƙe, juya cak da hannu injin a kashe, zuba mai, bayan kowane juyi ka koma rabi don ɓarɓashi ya karye. Duba kuma inda shaf yake juyawa: in juyin zai kwance noti, ko ka yi tiredin hagu, kamar yadda ake yi a gefen hagu na garandar tebur, ko ka sa noti biyu.

Ramin ki a injin milin ake yi, da wuƙa mai kauri 6 mai baki biyu wadda take iya nutsewa, a juyi kusan 1300. Don samun tsakiya, taɓa gefen shaf da gefen wuƙa, ɗaga ta, matsa da rabin kaurin shaf da rabin kaurin wuƙa, 9 da 3, wato 12. Taɓa sama, sa sifili, sauka milimita ɗaya-ɗaya har 3.5. Tsayar da ramin kafin ya kai kafaɗar mazaunin fuli, don kada raunin biyu su haɗu a wuri ɗaya.

Dubawa da haɗawa

Zana tebur mai layi ga kowane awo: abin da zane ya ce, abin da aka samu, abin da aka auna da shi. Ɗora shaf tsakanin tsini biyu, sa agogon awo a kan kowane mazaunin boris, juya da hannu. Allura kada ta yi yawo fiye da 0.02. In wani awo ya fita daga iyaka, rubuta shi yadda yake tare da dalilin da kake zato. Malamin da ya san aiki ya fi girmama 19.99 da bayaninsa a kan tebur mai cike da 20.010 da ba a auna ba.

Wanke shaf, shafa mai kaɗan. Tura boris ta zoben ciki kawai, da guntun bututu mai ramin da ya ɗan fi 20 wanda bakinsa yake a miƙe, da injin matsi ko da bugu mai sauƙi. Bugun zoben waje yana bi ta ƙwallayen ciki ya lotsa hanyarsu, boris ya fara gurnani tun ranar farko. A gidan boris, kulle zoben waje na gefe ɗaya kawai, na ɗaya gefen a bar masa ɗan wurin zamewa, domin shaf yana ƙara tsawo idan ya ɗumama. Juya da hannu kafin a sa bel: ya tafi sumul babu inda yake cijewa. Daidaita fuli biyu da miƙaƙƙen ƙarfe a jikin fuskokinsu, ɗaure bel yadda zai ɗan nutse idan ka danna tsakiyarsa da yatsa, kunna minti goma babu kaya, kashe, ka taɓa gidan boris. Ɗumi ba laifi. In hannu ba ya iya zama a kai, sassauta bel tukuna. In zafin bai sauka ba, kwance ka sake auna mazaunin, domin shaf da ya wuce 20.015 yana buɗe zoben ciki ya matse ƙwallayen.